Ku 'Yan GRA, Ba Kowane Hargitsi Ne Ɓarna Ba

Na san ku, Alhazan Nassarawa GRA. Da kun ji an ce kimiyya sai ku gyara zaman hula ku ce, "Malam, a fara kawo mana wutar tukuna." To ku saurara, ai zancen wutar ne.

Kowace waya tana cin rabonta na lantarkin da ke bi ta cikinta, shi ya sa take ɗaukar zafi. A 1911 Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden ta ƙasar Holan cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, wuta na ratsa ta ba asara ko kaɗan. A 1986 Bednorz da Müller na kamfanin IBM a Zurich suka samu haka a wani haɗin jan ƙarfe da oksijin a wajen digiri 238 ƙasa da sifili, suka ci kyautar Nobel a 1987. A shekarar kuma aka samo wani haɗin irinsa mai suna YBCO, mai aiki a digiri 181 ƙasa da sifili, sanyin da ruwan naitirojin mai araha ke bayarwa.

Hajiya, na ji kin ce ai sai abu ya tsarkaka yake aiki. Ina! Haɗin lantanam da jan ƙarfe da oksijin, in yana nan tsaf ba gauraye, wuta ba ta bi ta cikinsa ma. Sai an cire wasu ƙwayoyin zarra na lantanam an cusa bariyam ko sitirontiyam a gurbinsu sannan ya farka.

Kai kuma ƙanena da ka fara murna wai hargitsin ɗakinka ya samu hujja, dakata. Wutar tana gudu ne a wasu siraran shimfiɗu na jan ƙarfe da oksijin. A sa tutiya kaɗan a nan, kashi ƙalilan cikin ɗari, aikin ya rushe. Kamar Audu Bako Way ne: tarkacen bayan gidajenku bai hana mota wucewa, amma a jibge shi tsakiyar kwalta a gani. Ko oksijin ɗin da ke gefen shimfiɗun, in ya jeru a layi, YBCO ya fi jure ɗumi. A ɗaya ɓangaren, masu ƙera wayar YBCO da gangan suke dasa mata ƙananan tabo, domin su ke riƙe maganaɗisun da ke kutsawa, wayar ta ɗauki wuta mai yawa.

Kun ce tatsuniya ce? Masana kansu sun kusa shekara 40 suna musu kan dalilin da ya sa wuta ke ratsa irin waɗannan haɗe-haɗe ba asara. Ku shiga musun, bismillah, amma a fara aiko yaran ajin fizik a Jami'ar Bayero. Gardamar falo ba ta sanyaya waya.