Baban Kirsimeti Ɗan Farfaru

A ƙarshen 2019 babu abin da ake zargi a ƙasar Jibiya kamar buhu. Tun ranar 20 ga Agusta gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin ƙasa, hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ta yi tsit, shingaye suka yawaita har mutum ya fi gaisawa da masu kaki a kan danginsa. Da Nuwamba ta zo aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, mu kuwa a Farfaru muna ciki tsundum. Babura suka kwanta, jakuna suka samu shiga. Shinkafa 'yar waje ta koma abin da ake saye da raɗa, a dafa ƙofa a rufe.

A wannan hali aka ba mu hutun makaranta, wani tsohon malaminmu ya tara mu aikin gayya a ɗakin karatun gari. Ɗakin karatu dai suna ne ya yi masa yawa: shago ne guda mai kanta uku da benci, gara ta riga kowa karance rabin littattafan. Muna kakkaɓe ƙura, 'yan matan cikinmu suna manne bangon da ya yage, Malam yana zaune bakin ƙofa yana ba da umarni da sanda.

A cikinmu akwai wani yaro da muke kira Ɗan Jos, Kirista, ɗan wani babban ma'aikacin bakin iyaka. Kowace shekara gida suke tafiya Kirsimeti, amma a wannan shekarar an hana uban hutu saboda aikin rufe iyaka. Yaron da ya fi kowa surutu sai ga shi yana shara shiru. Muka keɓe muka yanke shawara: tunda bai je wa Kirsimeti ba, za mu kawo masa ita har ɗakin karatu. Don ya zama bazata, aka hana kowa tambayarsa yadda ake yi.

Duk iliminmu a kan bikin daga littafi ɗaya muka samo shi, wani mai hotuna da ya zo cikin kwalin sadaka daga Turai. A ciki akwai itace mai ado, da ƙanƙara, da wani tsoho mai tumbi da farin gemu da jajayen kaya, yana saɓe da buhu, barewa na jan kekensa. Itace ba wuya: muka saro reshen dogon yaro muka kafa a bokitin yashi, muka rataya masa ledojin alewa da murafan lemo. Ƙanƙara kuwa hazon hunturu ya ɗauke mana nauyinta. Saura tsoho. Aka duba aka ga ni na fi kowa kumatu.

Jajayen kaya a ƙasar Hausa kowa ya san inda suke. Kawuna dogari ne, kuma ranar ba ya fada. Na je wurin matarsa na ce wasan kwaikwayo za mu yi, ta ba ni riga mai ja da kore da jan rawani, ta ce in na bari ko ɗigon miya ya taɓa su, ni da Kawu. Na cusa matashi a ciki, na liƙa gemun auduga da ƙaro. Barewa ba ta samuwa, na ari jakin maƙwabcinmu mai ɗiban yashi. Kyaututtuka su ne tsofaffin littattafan da Malam ya ce suna da biyu-biyu, da fensira. Buhun da zai iya ɗaukar nauyinsu guda ɗaya ne a gidanmu, an rubuta masa Thailand ɓaro-ɓaro.

Ranar Laraba 25 ga Disamba, bayan la'asar, na biya gidan su Ɗan Jos, don mahaifiyarsa na cikin shirin. Ta gan ni ta yi dariya har da riƙe bango, sannan ta miƙo mini ƙullin leda. "Ungo, ɗana, tiya biyu ce, ka kai wa 'yan matan su dafa maku." Na jefa a gindin buhu na jera littattafai a kai.

Kunya ta hana ni bin titi da wannan shiga, sai na yanki daji ta bayan gonaki. Duk ɗan Jibiya ya san masu bin wannan hanya da buhu a kan jaki gab da magariba. Ni ma na sani. Gemun ne ya ɗauke mini hankali, don ƙaro ya fara bushewa yana jan fatar haɓata.

"Kai! Tsaya nan!"

Jakin da tun fitowarmu bai ji maganata ko ɗaya ba, nan take ya ƙame. Mutum biyu suka fito daga bayan geza, ɗaya da bindiga, ɗaya da tocila duk da rana ba ta faɗi ba.

"Wane ne kai?"

"Baban Kirsimeti ne, yallaɓai."

"Daga ina?"

"Farfaru, ranka ya daɗe."

Mai tocila ya dubi ɗan'uwansa. Ya ce ya ga shinkafa a tayar mota, ya gan ta a jarkar ruwa, ya gan ta goye a bayan mace an sa mata hular jarirai, amma yau ne ya fara ganin dogari ɗan shekara goma sha shida da furfura. Ya sa yatsa ya latsa tumbina, yatsan ya nutse. "Ita ma nan ciki take?" Suka zaro matashin suka farke shi, rimi ya tashi ya bi iska. Matashin kakata ne.

Aka sauke buhu. Na samu ƙarfin gwiwa, don na san abin da ke sama. Lissafin aji uku ya fito, Turancin aji biyu ya fito, sai wani littafin koyon kiwon zuma. Fuskar mai bindiga ta fara laushi, har ya ce ashe yaron kirki ne. Sai hannun mai tocila ya kai gindi.

Ya kwance ledar ya zuba ƙwayoyin a tafinsa. Dogaye, farare tas, babu tsakuwa ko ta rantsuwa. A lokacin gwamnati na ta yabon shinkafar Kebbi, inda aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance tun 2015, kuma ni ba ni da ja a kan shinkafar gida, sai dai haƙorana suna da nasu ra'ayin. Ya ce, "Samari, wannan ba ta taɓa ganin Argungu ba. Wa ya ba ka?"

In na faɗi, na tona asirin uwar abokina. In na yi shiru, na kwana a bayan kanta da rigar Kawu. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan, gefen gemun ya saki ya rataya a kunne ɗaya. Na ce tsinta na yi. Suka ce to, sai Oga ya zo.

Oga ya iso a mota, ya sauko yana gyara ɗamara. Baban Ɗan Jos ne. Ya dube ni, ya dubi jaki, ya dubi ledar, ya daɗe a kan ledar, don irin wadda ake zuba masa ƙosai ce kullum da safe. Ya yi gyaran murya.

"Ina za ka kai wannan kaya, yaro?"

"Ɗakin karatu, Baba. Kirsimeti za mu yi wa ɗanku."

Ya juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo ya ce wa yaransa doka doka ce, kayan da aka kama dole a lalata su, kuma shi da kansa zai sa ido a lalata wannan kafin isha'i, da mai da yaji.

Haka na shiga Farfaru a bayan motar sintiri, jaki na biye a ɗaure. Wani tsoho ya hango jan rawani ya zube yana gaisuwa, ya ɗauka hakimi ne tafe. Ƙananan yaran da muka gayyato suka ga gemu na lilo a kunnena suka watse da ihu. A cikin ɗakin karatu kuma akuyar maƙwabta ta riga ta gama da itacen Kirsimeti, ɗacin dogon yaro bai dame ta ba, ta bar mana sanda a bokiti da murafan lemo.

Ɗan Jos ya yi dariya har ya kwanta a benci. Da ya samu numfashi ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin wannan tsoho a ƙauyensu ba. "Mu fa sabon ɗinki ne, a je coci, a dawo a ci shinkafa da kaza, a bi gidaje gaisuwa, a kai wa maƙwabta abinci." Wato Sallah. Malam ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ga amfanin karanta littafi ɗaya tak.

An lalata shinkafar kamar yadda doka ta tanada, Oga da mutanensa biyu suka fi kowa ƙwazo. Yaran da suka gudu ƙamshi ya dawo da su, kowa ya tafi da littafi, har na kiwon zuma ya samu mai so. Manja ya ɗiga a rigar Kawu wuri uku. Abin da ya biyo baya tsakanina da shi maganar cikin gida ce, amma dogari ba ya rasa bulala.

Sai a Afrilun 2022 aka buɗe iyakar Jibiya, aka sake rufe ta na wani lokaci bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ɗakin karatunmu kuwa yana nan da kantocinsa uku, biyu babu kowa a kai sai gara. Duk mai tsofaffin littattafai a gida, na makaranta ko na hira, ya taimaka ya aiko mana. Don Allah a zuba su a kwali.