Zuwa ga Bazazzagina, Mai Neman Makarantar Dala da Albashin Naira

Ɗan gwaggo, bawana na Zazzau, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa baransa, wato daga zaune. Labari ya iso mu a Ɗansoshiya tun kafin ka rufe baki, don ka san Gwaggo ba ta iya riƙe magana idan ta shafi jikanta. Wai ka cire yaron daga makarantar unguwa ka kai shi inda ake sa kwat da taye, kuma wai nan ma ya da zango kuka yi, baɗi sai Abuja, makarantar 'ya'yan jakadu. Allah ya cika buri. Amma tunda ku Zage-zagi Allah ya ba ku karatu ya hana ku lissafi, bari in yi maka shi kyauta. Ka rubuta ranar, don ba za ka sake ganin Bakano ya yi abu kyauta ba.

Ka fara sanin wanda aka gina irin wannan makaranta dominsa. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu wadda har yau take aiki tana Janiba ta ƙasar Siwizalan, an buɗe ta a 1924 saboda 'ya'yan ma'aikatan majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, mutanen da yau suna wannan ƙasa gobe an tura su waccan, suna son yaro ya ɗora daga inda ya tsaya. A nan gida ma haka ne: Hillcrest ta Jos, tun 1942, 'yan mishan suka kafa ta don nasu 'ya'yan. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a asalin tsarin ba uban yaro ke biya ba. Ofishin jakadanci ne, ko kamfanin mai, ko wata babbar hukuma. Shi ya sa aka yanka farashin ba tausayi, don an san mai biya ba zai sayar da akuya ba. Daga baya masu kuɗin kowace ƙasa suka ga abin ya yi musu, suka cika kujerun, har suka fi baƙin yawa. Kai kuma da kake jiran 25 ga wata kamar mai jiran ganin jinjirin watan Sallah, wane kamfani ne zai tsaya maka?

Makarantar Amurkawa ta Abuja da kake mafarkinta, ai ka ji sunanta a rediyo a watan Afrilun 2024. Hukumar EFCC ta zargi tsohon gwamnan Kogi, Yahaya Bello, da biyan kuɗin karatun 'ya'yansa na shekaru masu zuwa tun kafin ya sauka daga mulki, har makarantar ta mayar wa hukumar dala 760,910. Shi ya musanta cewa kuɗin jama'a ne, magana ta je kotu, ni kuma ba alƙali ba ne. Lambar kawai nake so ka kalla. A canjin naira 1,500, ta haura naira biliyan 1. Iyali guda, makaranta guda, kuma ba jami'a ba.

Dalar nan kuwa ita ce matsalar. A watan Mayun 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka sake ta a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta tsallake 1,500. Wanda ya sa yaro a makarantar dala bai canza aji ba, bai canza malami ba, ya kwanta ya tashi kuɗin ya ninka uku. Ka zo Wapa, wurin 'yan canji, wata rana farkon zangon karatu ka tsaya kawai ka yi kallo. Za ka ga manya da babbar riga mai aiki, waya a kunne, suna tambayar "nawa ta kwana?" da murya ƙasa-ƙasa kamar masu tambayar jikin mara lafiya. Mu Kanawa muna gode musu, don da cinikinsu ake cefane a Fagge.

In ka ce to a bar ta dala a koma ta naira, ga Legas. Da Charterhouse ta Ingila ta zo buɗe reshe a can a 2024, jaridu suka ruwaito kuɗin shekara naira miliyan 42, ƙasa ta ɗauki surutu. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kar ka wahalar da kanka, na raba maka: wata 600 ne, shekara 50 cif. Masinjan ofishinku zai fara aiki yana saurayi, ya yi furfura, a yi masa ritaya, a sake ɗaukarsa, bai ci ba bai sha ba, sannan ya biya wa yaro ɗan firamare shekara ɗaya. Ban sa kuɗin rajista ba.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: abu mai kyau ai tsada gare shi. To tsaya. A Niyu Yok akwai makarantun da suka haura dala 50,000 a shekara, Beijin da Shangai suna biye da ita a tsada, Le Rosey ta Siwizalan kuwa ta wuce faran 100,000. Eton ta Ingila ta kai wajen fam 63,000 bayan da gwamnati ta ɗora wa makarantun kuɗi harajin kashi 20 cikin ɗari daga Janairun 2025. Ba a ƙara wa yaran ko darasi ɗaya ba, kuɗin ne kawai ya hau. Amma ka je Kopanhegan, babban birnin Danmak, garin da kofin shayi zai cinye maka kuɗin cefanen yini. A can irin wannan makaranta tana cikin mafi araha a Turai, saboda gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan nauyin makarantu masu zaman kansu. Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ma da sauƙi. A Dubai hukumar ilimi ce ke ƙayyade iyakar ƙarin da makaranta za ta yi a shekara. Manhajar kusan ɗaya ce, jarrabawar ɗaya ce, takardar da yaro zai fito da ita ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne kuɗin fili, da haraji, da albashin Baturen malami wanda sai an haɗa masa da gida da tikitin jirgi, da man janareta, da kuma nauyin aljihun attajiran garin. Inda makarantar gwamnati ta mutu, mai makarantar kuɗi ya san ba inda za ka, sai ya faɗi abin da bakinsa ya iya ɗauka. Kenan tsadar Legas da Abuja ba shaidar ilimi ba ce kaɗai, rabinta kuɗin gudun makarantar gwamnati ne.

Yanzu mu dawo kan wadda ka riga ka sa shi, wadda ba zan kama sunanta ba don kar a ce Bakano ya ɓata wa Zage-zagi kasuwa. Gwaggo ta zo da takardar kuɗin a ƙulle cikin gefen zani, wai in karanta mata ko an cuce ka. Na karanta. Kuɗin karatu layi ɗaya ne tal a sama. A ƙarƙashinsa ga kuɗin fom, ga kuɗin raya makaranta, ga kuɗin yunifom kala uku wanda ba a yarda tela ya ɗinka ba sai a wurinsu, ga kuɗin mota, ga kuɗin kwamfuta, ga kuɗin yawon buɗe ido, ga kuɗin ranar al'adu. Wannan na ƙarshen ne ya kashe ni da dariya. Yaro jikan Hausawa, a tsakiyar birnin Zazzau, ubansa zai biya kuɗi don a ware masa rana guda a shekara ya sa babbar riga da hula. Sauran kwanakin kuwa yana cikin kwat mai kauri a zafin watan Afrilu, taye ya shaƙe masa wuya, gumi na bin bayansa. Gwaggo ta ce da ya zo gaishe ta bai durƙusa ba, hannu ya ɗaga mata. Ta ce in tambaye ka ko wannan ma yana cikin abin da aka biya.

Ga tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka zare ko kwabo, tunda zanen duniya da ke jikin allon ƙofa ne ya ruɗe ka. Wace jarrabawa yaran ke zanawa a ƙarshe, ta Kambirij ce ko WAEC da NECO ɗin da ɗan Kiru ke zanawa? In ta Kambirij ce, ka sani da fam ake lissafa ta, darasi-darasi, kuma ba ta cikin takardar da Gwaggo ta kawo. Nawa ake biyan malamin aji, kuma shekara nawa ya yi a wurin? Makarantar da ke karɓar miliyoyi tana ba malami abin da bai kai shi ƙarshen wata ba, kowane zango sabuwar fuska, wannan fenti ka saya. Ni a wurina malamin da ya zauna, cikinsa a ƙoshe, ya fi wurin ninƙaya da na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daga bakin Bazazzagi wannan kwaɗayi ya fito. Ku da ba ku da hira sai kwalejin Barewa. To ita ma aro kuka yi: a Katsina aka haife ta a 1921, ta zauna Kaduna daga 1938, sai 1949 ta sauka wurinku. Tafawa Ɓalewa a Katsina ya yi ta, Shagari a Kaduna. Ku kuka tsinci Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa, Murtala kuwa ka san ɗan gidan waye. Cikinsu duka ba wanda ubansa ya nemi ɗan canji. Mu ma da Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, 'ya'yan manoma aka tankaɗe da jarrabawa aka zuba, ka je asibitocin Arewa ka ƙirga likitocin da suka fito daga can. Aliko Ɗangote, wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka, kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ya gama. Ka ga dai har a karatun mun fi ku cin riba.

Kar ka ɗauka ina cewa namu na nan ya gyaru. Bai gyaru ba. Ka bi firamarorin ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa, za ka tarar da ajin da iska ta yaye wa kwano, yara a ƙasa kan buhu, malami ɗaya yana zirga-zirga tsakanin aji biyu da guntun alli. Lokacin girbin masara ko dashen shinkafa a ƙasan ruwan Tiga, rabin aji na gona. Gwamnan Kano da bakinsa, ranar da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, ya ce miliyoyin yara ba su da abin zama. Ga makarantar horar da lauyoyi a Bagauda, 'ya'yan kowace jiha na zuwa da baƙar kwat, yaran ƙauyen da ke makwabtaka da ita kuwa ruwa da gyaɗa suke sayar musu a bakin ƙofa. Wannan yana ci mini rai. Kuma irinku ne kuka ja mana, ku masu iya rubuta takardar koke da dogon Turanci: kowa ya kwashe nasa ya kai inda ake biya, ba wanda ya rage da zai ɗaga murya idan rufi ya faɗi.

Amma ko a haka akwai abin da zan yi maka gori da shi. An ce maka a makarantar Abuja yaro zai yi cuɗanya da 'yan ƙasashe daban-daban, ya fito da harshe biyu. Nawa yaron yana kiwo da 'ya'yan Fulanin dajin nan, yana jin Fulatanci, da asuba yana gaban alaramma da allonsa, da hantsi yana fama da Turancin gwamnati. Harshe huɗu kenan in ka sa da na uwarsa, abin da na kashe kuwa kuɗin Laraba ne da sabulun wanki.

In an yi hutu ka sako min shi a mota, ka ce wa direba ya sauke shi a Kwanar Ɗangora, za a zo a ɗauke shi a babur. Ka bar kwat ɗin a gida. Zan tsayar da shi a bakin rumbu ya ƙirga buhunan masara, ya cire zakka, ya cire na mai taki, ya faɗa min abin da ya rage. In ya ci, zan yi masa ɗinki. In ya faɗi, kai za ka zo ka yi mana sussuka a madadinsa. Ka haɗo shi da kuɗin sharata na bana da na bara, kuma a naira nake so, don na san inda dalarka ta tafi.