Allah Ya Ja Zamanin Baban Yarima

Sallah ta wuce, baƙi sun watse, an wanke tukwanen suya an kife, yanzu kuma lokaci ya yi da za a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ni ba zabiya ba ce, ban kuma gaji roƙo ba, amma duk wanda ya ga abin al'ajabi ya kama bakinsa, to ya ci amanar na baya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in shaida wa jama'ar Kano da kewaye irin ɗawainiyar da maigidana, Baban Yarima, ya sha wajen rainon ɗanmu mai shekara biyu da wata huɗu a kwanakin Babbar Sallar nan. Ranka ya daɗe, toron giwa, ginshiƙin gida, garkuwar iyali, inuwar giginya na nesa ka sha!

Tun Sallah tana saura wata guda gogan naku ya ɗaura ɗamara. Da ƙafarsa ya shiga Kantin Kwari, ya ratsa cunkoso, ya yanko shadda Getzner fara sol, ya ce anko za su yi da magajinsa: babbar riga, 'yar ciki, wando da hula zanna. Ni da guntun tunanina na mata na ce ko a samo wa yaron yadi mai duhu marar nauyi, tunda da hannu biyu yake cin miyar taushe, ga shi kuma garin da zafi. Sai ya yi murmushi irin na manya, ya ce ba zan gane ba. Gaskiyarsa. Sai da tela ya kawo ɗinkin ƙarfe ɗayan daren jajiberi na gane zurfin hikimar, don an tsuke wandon tsaf, ba a bar wa famfas ko masaka tsinke ba. Ai ɗan babban gida ba ya fitsari ranar idi.

Da asuba na tashi na ɗora tuwo, na kamo Yarima bayan mun zaga tsakar gida sau uku, na yi masa wanka yana ihu, na shafa masa mai, na sa masa kwalli, na cusa shi cikin shaddar nan yana turjewa kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa. Duk wannan share fage ne. Babban aikin sai da maigida ya fito yana ƙamshin turare. Ya sunkuya da kansa, jama'a, da kansa, ya ɗauki yaron cak, ya taka da shi tun daga ƙofar ɗaki har bakin zaure, ya tsaya aka ɗauke su hoto goma sha huɗu. Na ji an ce a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Da wakilanta sun leƙo gidanmu sun ga wannan ɗauka ta minti biyu, da tare za a rubuta su. Yana gamawa ya miƙo mini shi, ya ce kada ya yi kuka a sahu ya dami bayin Allah, ya nufi filin idi na Ƙofar Mata shi kaɗai. Kafin ya dawo hoton ya zaga WhatsApp, 'yan uwa da abokan arziki suna ta sa albarka, suna cewa samun uba mai jan ɗansa a jiki irin wannan sai an tona. Shaddar kuwa ta yi minti goma sha ɗaya tana fara.

Da aka zo layya, sai jarumtar ta fito fili. Mako guda Yarima yana kai wa ragon nan dusa a tafin hannunsa, yana kiransa da suna. Na ce a shigar da shi ɗaki kafin a kayar da ragon. Namijin duniya ya ce a bar shi ya gani, ai namiji ne, da haka ake yin zuciya. Ya sa wuƙa, ya wanke hannu, ya bar wa mahauci fiɗa, ya bar mini kayan ciki da kai da ƙafa da kaskon mai yana tafasa, da kuma yaron da ke zagaya kaskon yana tambayar ina ragonsa. Shi kuma ya tafi gaishe-gaishe, don zumunci ibada ne.

Amma duk cikin baiwar da Allah ya yi wa bawan nan nasa, babu wadda ta kai barci. Kai, barcin Baban Yarima abin a zo a gani ne! Daren nan yaron ya farka sau biyar yana kiran rago, kukansa har gida na uku, maƙwabciyarmu ma sai da ta aiko da safe tana tambaya ko lafiya. Maigida yana kwance taku ɗaya daga bakin da ke wannan ihu, ko gezau. Dutse a ruwa ba ka san ana rana ba. Kada wani ya zaci kunnen ne da matsala. Kunnen da ke jin shigowar kuɗi a waya daga banɗaki, ƙofa a rufe, famfo a kunne, ba kunnen banza ba ne. Kunne ne mai tarbiyya, wanda ya san abin da ya kamaci babban mutum ya ji. Da gari ya waye ya yi miƙa, ya dube ni da tausayi, ya ce idona ya yi ja, in riƙa samun hutu.

Ga shi da kyauta kamar ruwan Agusta. Duk abin da na hana yaron cikin wata shida, uban ya ba shi cikin yini ɗaya: lemon kwalba mai sanyi, alawa, cincin, dubulan, da kitsen rago yana ɗiga. In na buɗe baki sai ya ce, "Haba Maman Yarima, Sallah ce fa." Washegari cikin yaro ya ɓare. Ina ta haɗa ruwan gishiri da sukari, na aika kemis a sayo zinc, ina canza famfas har na daina ƙirgawa. Na kira shi a waya yana majalisa. Ko ganin yaron bai yi ba ya gano cutar, abin da likita sai ya duba ya tambaya. Ya ce haƙori ne. Da na ce wane haƙori, sai ya zurfafa bincike ya ce to baki ne, mutane sun ga hoton, kuma kowa ya san kyan da yaron ya ɗebo daga wajen uba.

Nan ne ma na ƙara sanin cewa malamin nahawu nake aure. Yaro ɗaya ne, amma sunansa yana sauyawa gwargwadon halin da wandonsa ke ciki. In ya sha wanka yana ƙamshi, ga baƙi a falo, "ɗana" ne, "magajina" ne. Da zarar wani abu ya ɗumama a cinya, sai ka ji murya mai cike da haiba ta ratso labule: "Ke, zo ki ɗauki ɗanki." Tsakanin "na" da "ki" ko ƙiftawar ido babu. Ban san ko masana Hausa na Jami'ar Bayero sun taɓa nazarin wannan ƙa'ida ba, amma ƙofarmu a buɗe take.

Sau ɗaya na bar su tare, ranar da na tsaya suyar nama. Nan ma ya nuna ƙwarewa: ya miƙa wa yaron waya, ya juya ya ci gaba da kallon ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allo. Wannan rowa ce irin ta Turawa. Baban Yarima ba ya auna kyauta, awa huɗu ya bayar. Da wayar ta ƙare a cikin bokitin da na jiƙa tumbi, bai yi fushi da yaron ba ko kaɗan, saboda adalci. Ni ya tambaya me nake yi da ban sa ido ba.

Rana ta uku ya yi alkawarin kai mu Gidan Zoo. Ya cika alkawari, don shi ya tsayar mana da a-daidaita-sahu da hannunsa mai albarka, har ya yi ciniki. Ni na goya, na kutsa cikin turmutsutsun 'yan yawon Sallah, na ɗaga yaron sama ya ga jimina, na bi takalminsa ɗaya da ya faɗi, na dawo bayan magariba ƙafa a kumbure. Muna shiga ya tarye mu da fara'a, ya tambayi nawa kawunnai da gwaggwanni suka ba Yarima na barka da Sallah. Ya karɓi sababbin takardun nan ya lissafa, ya buɗe wa yaron asusu a aljihun gaban rigarsa, bankin da ba a bin layi, ba a cike takarda, ba a kuma taɓa jin wanda ya cire ko sisi ba. Washegari na ga an sha wa mota mai.

Kada a ce ba ya jin wa'azi. Ranar Juma'a liman ya ambaci hadisin Nana A'isha da ke cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa hidimar gida. Maigida ya dawo jikinsa a sanyaye, ya nemo karatun ya tura wa abokansa goma sha biyu, sannan ya ce in kawo masa ruwan wanke hannu. Da daddare kuma, ina shanya wankin ranar, ina jiyo muryarsa daga majalisa yana yi wa samari bita a kan tarbiyya. Ya ce matan zamani raki ne da su, iyayenmu sun goyi goma ba a ji kansu ba, shi ga shi Sallar nan kusan shi ya riƙe yaron. Samarin suka ce Allah ya ƙara girma. Ni ma daga bakin igiya na ce amin.

Allah ya ja zamaninka, hadari mai tsawa a majalisa, yayyafi a cikin gida. Jiya da daddare, bayan ya ci ragowar soyayyen naman, ya kishingiɗa ya sanar da ni cewa tunda ya gwada ya ga raino ba wani abin wahala ba ne, kafin Sallar baɗi yana so a yi wa Yarima ƙani.