Mu 'Yan Wusasa da Kwanukanmu

Mu fa a Wusasa, ran Lahadi kowa waliyyi ne. An sha wanka, an kafa ɗauri, Littafi Mai Tsarki a hammata, har mai bin ka bashi sai ya yi maka murmushi a bakin majami'a. Amma in kana son sanin halinmu, bari sai tsakiyar mako, ka tsaya bakin layi ka ga inda kwanuka ke nufa.

Zumuntar mata ce ke riƙe da wannan harka. Da zarar an ji wance ta sauka, ko an kwantar da maigidan wance a asibitin St. Luke, kafin la'asar an haɗa kai. Wannan ta dama kunu, waccan ta yi fate, wata ta ƙulla sabulu a bakin zane. Sai a jero cikin anko, da tulu da caki, a cika ɗaki. Majinyacinmu ba ya kwana da yunwa, sai dai barcin rana kam ya haƙura da shi, don sai an yi waƙa uku kafin a buɗe kwano. In rasuwa ce kuwa, su ne a murhu, su ne a wanke-wanke, su ne masu kwana da matar mamaci har baƙi su watse. Wannan kam ban ga mai kushe musu ba.

Sai dai fa akwai abin da muka ƙware a kai, wato tsegumi cikin rigar addu'a. Za ka ji an yi gyaran murya an ce, "'Yan'uwa, mu sa Maman Rifkatu cikin addu'a, kun dai san halin da take ciki da mijin nan nata." Wadda ba ta sani ba ta matso da kujera, wai don ta san abin da za ta roƙa. Kafin a ce amin an san nawa ya ci bashi, da wanda ya ba shi, da ranar da aka kai ƙara gaban dattawan ikilisiya. Addu'ar dai ana yin ta, tsakani da Allah, amma gabatarwar ta fi ta tsawo.

Baƙo kuma ba ya minti goma a wurinmu ba mu karanta masa tarihi ba. Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ta dawo nan Wusasa a 1929, majami'ar St. Bartholomew ginin ƙasa ce irin ta magina Hausawa, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga nan sai a zarce kan Janar Gowon da ya tashi a nan, da Likita Dikko, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Kowane tsoho a unguwar nan ya buga ƙwallo da Gowon, in ka biye musu. Shi kuwa baƙon abin da ke ɗaure masa kai daban ne: ya ji mun yi sallama, mun ce in Allah ya yarda, sunanmu Audu da Ladi da Hannatu, sai ya tambaya a hankali, "To amma ku asalinku daga ina?" Daga nan, Malam. Kakanninmu ma a nan aka binne su.

Kirsimeti ce ranar da kwano ke tafiya mai nisa. Da yawanmu ba ma sa wa akuya wuƙa da kanmu, sai a aika yaro ya kira Malam maƙwabci ya yanka, don kada a kai wa mutum abincin da zai karɓa da fara'a ya rasa yadda zai yi da shi. Samarin yanzu kan yi gunaguni, wai me ya sa sai mu ne za mu bi tsarin wasu. Iya ba ta ko ɗaga kai daga turmi take cewa, "Ɗan nan, naman don ci aka saya ko don gardama?" Shinkafa da miya da cincin su bi gida gida, yara na rigimar wanda zai kai gidan Hajiya, don can tukuici ya fi kauri. Mun san akwai gidan da ba a ci, kuma ba mu fasa aikawa. Babbar Sallah na zuwa, cinyar rago ta ƙetaro mana katanga.

Inda ake gane mu sosai shi ne godiyar kaka. Zakaran da za a yi awa guda ana cinikinsa a kasuwar Sabon Gari, a gwanjon majami'a sai ya ninka kuɗinsa uku, saboda Baba Dattijo ya rantse surukinsa ba zai kayar da shi a gaban jama'a ba. Zakka kuwa, mudu ɗaya cikin goma na Ubangiji ne, kowa ya yarda. Abin da har yau ba a daidaita a kai ba shi ne ko mudun a cika shi da tozo, ko a shafe bakinsa.