Su Wane da Wane a Daren Ajo

Ƙauyukan masunta da ke bakin tafkin Kainji, daga wajen Yauri har gangarowa Ngaski, ba sa rasa abin tara wa kuɗi. Da aka gama dam a 1968 ruwa ya shanye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, amma itatuwa ba su tafi ko'ina ba: kututturansu na nan a ƙarƙashi suna dakon cikin jirgi. Ga rigunan kariya da kowa ya san amfaninsu amma ba mai son cire kuɗinsa ya saya, ga marayun da ruwa ya bari. Don haka idan hunturu ya kama, ruwan da ya sauka a duwatsun Gini tun damina ya iso, tafki ya cika, sai a sa ranar ajo, a share fili, a aro bencinan makaranta. Buƙata takan canza daga shekara zuwa shekara. Mutanen da ke zuwa ne ba sa canzawa.

Makaɗa ke fara isowa, kuma babu ɗan gado ko ɗaya a cikinsu. Mai kalangu tela ne, shi ya sa ko a fili ƙafarsa ta dama ba ta daina taka keken da babu. Ya sakankance cewa da Shata ya ji hannunsa kafin ya rasu a 1999, da tuni labari ya sha bamban. Mai gurmi shi ne mai gyaran injin jirgi. Waƙa uku gare shi, ta huɗun ita ce ta farko an canza mata sunan mai gida. A cikin 'yan amshi akwai wanda bai taɓa zuwa gwaji ba, sai ya bari an kai ƙarshen baiti ya cafke gaɓar ƙarshe da ƙarfi fiye da kowa. Mai ganga kuwa rabin darensa a bakin wuta yake ƙarewa, domin laimar bakin ruwa na sa fata ta saki, sai an gasa ta take magana.

Duk waɗannan rakiya suka yi. Mai ajo na gaskiya shi ne sanƙira, wanda ranar kasuwa dillali ne, ya san tsawon jirgin kowa da bashin da ke kan kowa. Shi ya fi kowa sanin cewa tausayi ba ya cika faranti, gasa ce ke cika shi. Mutumin da kakansa ya sauko daga Argungu da homa ɗaya a kafaɗa, da zarar ya taɓa aljihu ya zama jikan Kanta na Kabi. In ya ba da dubu biyar, sai sanƙira ya ɗaga kuɗin sama ya juya su gabas da yamma: “Jama'a, a gaida mai jirgi ɗaya da ya yi abin masu jirgi uku!” Ba zai kalli mai jirgi ukun ba, kowa ne zai kalle shi a madadinsa. Shi kuma bawan Allah, da ya zo da niyyar dubu biyu, sai ka ga yana laluben aljihun ciki, wanda aka ware don man gobe. Wanda ya ba da ɗari biyu ba a faɗin adadi, sai a ce ya ba da “abin da ya sawwaƙa”, da wata murya da za ta hana shi barci.

Mutum ɗaya ne sanƙira ke shakka: mai janareto. Wutar dam ɗin nan har Yamai ake kai ta, amma ajon da ake yi a bakin ruwan da ke samar da ita, da fetur yake tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutumin nan ya ƙara ƙiba a zama. Yana da kunnen kiɗa fiye da mai gurmi, domin bai taɓa barin mai ya ƙare ana gyaran murya ba, sai rawa ta yi rawa. Fili ya yi duhu, a ruga wurinsa. “Kawu, a taimaka mana.” Sai an haɗa masa na lita biyu sannan ya tuna da wata jarka a bayan bishiya.

Alhajin kifi ba ya zuwa sai an neme shi sau uku. Shi ne mai loda banda zuwa Anaca, kuma rabin masuntan da ke wurin da kuɗinsa suka sayi kalli, don haka tafi ba ya yi masa wuya. Yakan shigo da babbar riga da bandir na sababbin naira hamsin-hamsin, irin na leda, ya tsaya gaban mai kalangu yana saki ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin leda ba sa zama a goshi. Su zame, iskar hunturu ta kwashe su ta yi bakin ruwa da su, yara su bi da gudu, wasu har iyo. Sai ya yi minti goma yana ɓarin kuɗi, a tattara a ƙirga, bai kai kuɗin giwan ruwa ɗaya ba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, amma sai da EFCC ta tsananta gurfanar da mutane a 2024 Alhaji ya ji labarinta. Yanzu in ya ga yaro ya ɗaga waya sai ya daka tsawa: “Kai, sauke abin nan!” Gari na wayewa kuma ya aika a tambayi yaron ko ya samu wurin da rigar ta buɗe sosai.

Ƙanensa a wannan sana'a sabon shiga ne, ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ne ya haife shi. Ya sa a sanar da dubu ashirin, a yi masa guɗa, ya karɓi lambar asusu. “Na tura, sabis ne.” Ya ɗaga waya sama, ya matsa gefe, ya ƙara matsawa wajen jirage inda aka ce sabis ya fi ƙarfi. Ba a sake ganinsa sai sallar Juma'a. Wakilin kansila ma yana nan da gaisuwar mai girma da alkawarin jirgi mai inji, wanda ke cikin littafin sakatare tun littafin yana da bango.

A fagen rawa, samari gefen 'yan mata suke fuskanta ko da makaɗa na bayansu. Akwai wanda duk kiɗan da aka canza rawarsa ɗaya ce, ya murɗa ƙugu ya watsa hannuwa kamar mai jefa birgi, na kusa da shi su sunkuya. Amma fili na Gwaggo ne. Jikoki biyu suka riƙo ta, tana kukan gwiwa tun daga gida. Mata na kifa ƙwarya a ruwa suka fara bugawa, sai sanda ta faɗi. Ta yi zagaye biyu, ta koma ta zauna tana haki, ta ce wannan ai wasan yara ne, ajo sai a tsohon gari. Tsohon gari yana ƙarƙashin ruwa, ba mai iya zuwa ya ƙaryata ta.

Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya mata masu banda ke tasowa a tare, cikin anko. Ba sa jiran kirari. Shugabarsu ta kwance bakin zane ta ajiye ƙunshi a faranti, kuɗin adashi ne da aka yi wata da watanni ana zubi, tsofaffin takardu masu warin hayaƙi. Sanƙira ya ce “Allah ya saka wa iyayenmu mata”, ya wuce, don ya san babu tukwici a nan. In da za a raba faranti gida biyu, nasu gefe, na masu manyan riguna gefe, da wasu sun daina zuwa a makare.

Da safe a zauren Sarkin Ruwa ake ƙidaya. A cire na mai, na hayar lasifika, na shayin makaɗa, da na sabuwar fatar ganga, don ta jiya ta ƙone a wajen gashi. Abin da ya rage yakan sayi rigunan kariya 'yan kaɗan, waɗanda fasinja za su riƙa zama a kai saboda katakon jirgi da tauri. A nan ne na ƙarshensu ke bayyana, mutumin da bai ba da ko sisi ba amma ya kwana yana lissafi da ido. “Ranka ya daɗe, ni ba na zargin kowa. Amma abin da na ga an zuba jiya ya fi wannan.” Ma'aji ya rantse, sakatare ya buɗe littafi, shi kuma ya ce ai shi tambaya kawai ya yi. Dattawa sun san maganinsa, nan take za a naɗa shi ma'ajin baɗi. Ma'ajin bana ma ta haka ya samu muƙamin.