Yayan Ango a Cikin But

Asabar ɗin da ta wuce aka kai lefen ƙanen mai wannan shafi, kuma da yake yayan ne mai mota a gidan, shi aka ɗora wa akwatuna uku da kit, da gwaggwanni cike da kujerar baya. Motar 'yar Kwatano ce ƙirar 2004, daga Amurka ta fito, kuma bai daɗe da kai ta wajen wani mai rewaya ya saka mata sikiyuriti ba, irin mai jiniya da rimot, har da maɓallin buɗe but. Aka isa ƙofar gidan su amarya, mata suka fito da guɗa. Gogan naka ya gyara zaman hula, ya ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani, ya danna.

But ya ce bai san zancen ba.

Hanya uku ake buɗe but a irin waɗannan motoci: makulli, ko 'yar sandar nan ta gefen kujerar direba mai jan kebul, ko lantarki. Ramin makulli ƙurar hunturu ta daɗe da toshe shi. Kebul kuwa mai rewaya ya zare shi daga sakata ya ɗaura nasa ƙarfen lantarki a gurbin. Wayar wannan ƙarfe ta jikin hannun murfin take bi, inda take lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe, kuma daidai nan bawan Allah ya yi haɗinsa: ya murɗa waya da waya, babu darma, ya naɗe da baƙin salatif. Da aka danne murfi a kan lefe, haɗin ya rabu.

Ana cikin zare ido sai ga wani dattijo ya taso daga benci a gindin darbejiya. Ya ce tun 1975 da aka fara haɗa Fijo a Kaduna yake riƙe da sitiyari, kuma bai taɓa ganin but ɗin da ya fi ƙarfin mari ba.

"Matsa, yaro."

Ya naɗe hannun riga, ya shara wa murfin tafi. Sikiyuriti yana da na'urar da ke jin girgiza, don ɓarawo mai fasa gilashi aka yi ta, kuma ba ta san Baba ba. Jiniya ta ɓarke da muryoyinta shida, ɗaya na bin ɗaya, fitilu na ƙyaftawa. Yaran layin suka cika wajen, har da masu rawa.

Baba ko a jikinsa. Ya ce a ɗora rimot a haɓa a danna. Wannan dabara gaskiya ce, tana ƙara wa rimot nisan zango, sai dai gogan naka yana jingine da motar ne. Haka ya tsaya gaban surukan ƙanensa, rimot a gemu, yana dannawa. Baba ya ce bai buɗe baki sosai ba. Ya buɗe.

"To a cire kan batir, mu ga ta tsiya!"

Aka samo sifana aka cire. Fitilu suka mutu, rimot ya zama kwalliya, jiniya kuwa ta ƙara wuta. Irin mai ɗan batir a cikinta ce, kuma yanke mata wuta shi ne abin da ke tabbatar mata da ɓarawo ya zo. Tana da ɗan makullinta na kashewa, wanda yake rataye a ƙusa a shagon mai rewaya. Baba ya girgiza kai ya ce motocin zamani ba su da tarbiyya, ya kawo shawarar a ɗura wa sakatar manja.

Saura hanya ɗaya. Gogan naka ya kwantar da kujerar baya, ya tattare babbar riga, ya kutsa kai tsakanin akwatuna. Kafaɗu suka shige, ciki ya ƙi. Ƙafafu suka rage a waje suna harbin iska kamar ɗan akuyar da ya cusa kai a tulu. Wata gwaggo tana tura shi, wata tana salati. Kit ya fashe a ƙarƙashin ƙirjinsa, hoda ta tashi.

Cikin duhun nan ya hango wani ɗan abu kore yana haske. Bayan yara 11 sun mutu a rufe cikin but a Amurka a bazarar 1998, hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar ta wajabta wa motocin da aka ƙera daga 1 ga Satumba 2001 su zo da mariƙin buɗewa daga ciki. Ba ya buƙatar batir, kuma hannun mai rewaya bai kai gare shi ba. Ya miƙa yatsu ya ja.

Murfin ya ɗaga a hankali.

Abin da dangin amarya suka gani ke nan: kan yayan ango, magidanci mai 'ya'ya, ya leƙo daga tsakanin akwatuna. Hula ta koma ƙeya. Fuska fari fat da hoda, gumi ya zana mata layuka. A kunnensa na hagu kuwa wani abu ne mai igiya biyu yake reto, irin wanda ba a ambatar sunansa gaban surukai. Mai guɗa ta buɗe baki, guɗar ta maƙale. Ya rasa abin faɗa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Salamu alaikum." Suka amsa masa kuwa, gaba ɗayansu, har da wa barakatuhu. Ya yi yunƙurin komawa ciki, ciki ya ƙi. Abin nan yana ta reto. Jiniya ta shiga murya ta huɗu, kuma wayoyi sun riga sun tashi sama.

Baba ya juya ga jama'a ya ce, "Ai na faɗa muku marin ne, sai a hankali yake ratsa ƙarfe." Sannan ya tambayi ko yana da kaso a tukwici.

Gwaggon amarya ta matso da takarda da biro, ta gyara tabarau.

"Akwati uku, kit ɗaya," in ji ta. "Shi wannan a ciki yake, ko da shi za ku koma?"