Darasi Daga Kan Tsamiya

A Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. A Maris 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, manhajar karatu ta intanet. Madalla.

A Kurawa ta Sabon Birni dai, sai malam ya ɗare tsamiya yana farautar sabis ɗin Nijar, yara na ƙasa suna addu'ar kada reshe ya karye. Darasi ya sauko, malam ya sauko, batir ya mutu. Sai a tura yaro wurin mai caji, a koma kan allo da alli.

Masu manhaja, don Allah ku haɗo mana da tsani.